Zango Goma Sha Ɗaya

Garin a jikin dutse yake maƙale, kamar abin da aka jingina aka tafi aka manta da shi. Babu titi ɗaya a cikinsa da ya kwanta sosai. Ko dai mutum yana hawa, ko yana gangara, shi ya sa mutanen garin ta gwiwa suke fara tsufa. Baƙi kuwa abin da ke kawo su ke nan. Suna zuwa shan sanyi, su ga gajimare yana wucewa ta ƙasan tagar otal, su ɗauki hoto a bakin magangarar ruwa, sannan su hau matakala ɗari shida da goma sha biyu da ke kai mutum ƙololuwar dutsen. 'Yan gari ba sa hawa, sai wanda abincinsa yake can.

Abincin Baba a can yake. Shekara talatin da ɗaya yana yi wa baƙi jagora, da bajonsa na ƙarfe mai lamba bakwai a ƙirji. Abokan aikinsa Sannu-Sannu suke kiransa, don ko hadari ya taso ba ya ɗaga ƙafa. 'Yarsa kuwa, wadda yake kira Uwata, ta je jami'a ta karanta tarihi, ta dawo aka ɗauke ta a Ofishin Baƙi, aka ba ta tebur a bayan kabad, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Wurin ya yi mata daidai. Irin mutanen nan ce da in an tambaye su ƙarfe nawa, gara su miƙo agogon da su buɗe baki.

Rigimar ta faro ne daga wani malamin makaranta da ya zo hutu. Ya hau dutsen sau uku da 'yan jagora uku, ya koma gida ya rubuta a jarida cewa tarihi iri uku aka ba shi a kan kogo ɗaya. Sabon Darakta ya karanta, ya ninke jaridar, ya leƙo bayan kabad.

"Malama, ba tarihi kika karanta ba?"

Ta gyaɗa kai.

"To ki rubuta mana na gaskiya. Ɗan littafi, wanda kowane ɗan jagora zai haddace. Ki sa inda za a tsaya, ki sa minti nawa hawan zai ci. Na gaji da baƙi suna saukowa su tarar motarsu ta gaji da jira."

Wata huɗu ta yi a ɗakin tsofaffin takardu, cikin warin danshi da kashin ɓera. Abin da ta tono bai da sarki a ciki, bai da yaƙi. Makiyaya ne ke hawowa da dabbobinsu in ƙasa ta yi zafi. Daga baya aka gina asibitin masu ciwon ƙirji saboda kyawun iskar wurin, gari ya taru a kewayensa: masu wanki, masu dafa abinci, masu saran itace. Matakalar ma asibitin ne ya sa aka sassaƙa. Ta rubuta duka a fili, ba ƙari ba ragi. Sannan ta ɗaura takalmin guje-guje ta hau dutsen sau uku da agogo a hannu. Minti arba'in da biyar ya ci mata. Ta ƙara biyar saboda tausayi, ta rubuta hamsin. Wuraren tsayawa uku ta sa, su ne inda takarda ta yi magana: kangon asibiti, tsohon tankin ruwa, da magangara.

Aka buga littafi dubu biyu, da sunanta a ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe. Darakta ya manna sanarwa a ƙofa: za a turo sufeto daga hedkwata, kowane ɗan jagora zai hau da ita, ya faɗi abin da ke cikin littafi, ya tsaya inda littafi ya ce, ya kai sama cikin minti hamsin. Wanda ya kasa, ya ajiye bajo.

Ran da ta kawo littafin gida, Baba yana zaune a tabarma ya miƙe ƙafa, Umma tana murza masa man zafi a gwiwa. Ɗakunansu biyu a saman wani tsohon bene suke, matakala goma sha takwas daga titi. Ya juya littafin gaba da baya, ya sansana shi, ya miƙo mata.

"Karanta, Uwata. Idona ya ƙi ƙananan rubutu."

Ta karanta har ƙarshe, muryarta ƙasa-ƙasa. Ya saurara ido rufe.

"Madalla. To ina Sawun Ƙato?"

"Baba, ba sawu ba ne. Rami ne masu fasa dutse suka haƙa lokacin da ake aikin matakala."

"To su masu fasa dutsen jarirai ne? Ai ƙattai ne."

Umma ta yi dariya ta hanci, ba ta ɗago ba.

"Gimbiyar da ta yi kuka har ruwa ya ɓalle daga dutse fa?"

"Ba a taɓa yin gimbiya a nan ba, Baba."

"Allah sarki. Shekara talatin ina sa baiwar Allah kuka, ashe ko haihuwarta ba a yi ba." Ya ja wandonsa ya rufe gwiwa. "Maƙerin da ya ɓuya a kogo shekara bakwai shi ma kin kore shi?"

"Siminti ake ajiyewa a kogon."

"Kin ji 'yarki," ya ce wa Umma. "Mun sa ta makaranta ta dawo ta kashe mana mutum uku a yini ɗaya."

Wasa yake yi, amma 'yar ta ga yatsansa ya tsaya a shafin ƙarshe, inda aka rubuta minti hamsin. Wannan rubutun manya ne, idonsa bai ƙi shi ba.

Tarihin bai ba shi wuya ba. Cikin mako guda ya haddace, har yana yi wa Umma bitar shekarar da aka kafa tankin ruwa tana wanke-wanke, tana ce masa ya je ya gaya wa tankin. Saura kwana uku jarrabawa, 'yar ta ɗauki agogo ta ce za ta bi shi aiki, ta ga yadda lokacinsa yake.

A gindin dutse 'yan jagora suna zaune a benci suna jiran motoci. Wani da ake kira Dogo, wanda ƙafafunsa kamar an ara masa na raƙumi, ya hango ta.

"A'a, yau Malama da kanta! Sannu-Sannu, ka shiga uku, an kawo maka agogo har gida. Malama, ki zo da kalanda, agogo ba zai ishe shi ba."

Aka kwashe da dariya. Ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Baƙin ranar su tara ne. Akwai wani mai tumbi da ya zo da amaryarsa, yana ta cewa shi a ƙuruciyarsa ƙwallo yake bugawa. Akwai wata tsohuwa da 'ya'yanta mata biyu. Sauran matasa ne masu ɗaukar hoto. Baba ya shige gaba da sandarsa, 'yar ta tsaya can baya inda ba mai kallonta, inda ta fi ganin kowa.

A matakala ta tamanin wuyan mai tumbi ya fara sheƙi. Maganar ƙwallo ta mutu. Amarya ta waiwayo ta ce ko za su ɗan huta, ya ce hutun me, ai ba a fara ba. Ba a ƙara taku goma ba Baba ya ɗaga sanda.

"Jama'a, a nan dole a tsaya. Duk wanda ya wuce Sawun Ƙato bai gaishe shi ba, ƙafarsa ce za ta gaya masa gobe. A zauna, a zauna, labarin da tsawo."

Mai tumbi ya zube a kan dutse yana cewa shi don labarin kawai ya zauna. Baba ya ja ƙaton nan, ya kai shi farauta, ya dawo da shi, ya yi masa aure. 'Yar kuwa ta lura ba ramin yake kallo ba. Ƙirjin mai tumbi yake kallo ta wutsiyar ido. Sai da numfashin mutumin ya kwanta sannan ƙato ya mutu aka tashi.

Haka a wajen gimbiya. Leɓen tsohuwa ne ya bushe, tana ta cewa 'ya'yanta ita lafiyarta ƙalau. Gimbiya ta yi ta kuka har tsohuwar ta sha ruwa ta gyara ɗankwali.

'Yar tun tana yarinya ta sha bin Baba ranar da ba makaranta, ta san zangonsa bakwai kamar yatsunta. Na bakwai shi ne magangara, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin bene huɗu, feshinsa yana jiƙa fuska, tsattsewa suna shawagi ta bayansa. Daga nan sai wurin da 'yan jagora ke kira Wuya, matakala ɗari da sittin a tsaye kamar tsani. A da, a numfashi ɗaya Baba ke cinye Wuya. Yau sau huɗu ya tsaya, kuma a wuraren da ba ta san su ba.

"Ku yi shiru," ya ce a na farko, ya dafa dutse da tafin hannu. "Ku kasa kunne. Akwai ganga a cikin dutsen nan, sai mai sa'a ke ji."

Baƙi suka yi tsit, wasu har da manna kunne. Labarin ba shi da magana ko ɗaya, kuma ta gane dalili. Daga inda take tana ganin bajon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka, jijiyar wuyansa tana bugawa. Mai tumbi ya rantse ya ji gangar.

Da suka kai sama ta duba agogo. Awa ɗaya da minti arba'in. Zango goma sha ɗaya.

Baƙi suka watsu suna hoto. Daga can ana ganin garin gaba ɗaya, rufin kwano ja da kore, da kwarin da ke bayansa har inda ido ya gaji. Baba ya zauna a gefe ya ajiye sanda tsakanin ƙafafunsa. Ta zo ta tsuguna kusa da shi.

"Nawa?"

Ta nuna masa agogon.

"To," ya ce.

"Baba, me ya sa ba ka ce musu kawai a huta ba?"

"Ki ce wa namiji ya huta a gaban amaryarsa? Baƙo ba ya cewa ya gaji, Uwata. Daga nesa ya zo, ya gaya wa mutanen gidansu zai hau dutse. In kin ce a huta, kowa sai ya duba na kusa da shi ya ce shi bai gaji ba. A haka wani ya taɓa faɗi a hannun wanda ya koya mini aikin nan, aka sauko da shi a kafaɗa. Shi ya ce mini: kada ka tambayi baƙo, kalli wuyansa. In ya fara sheƙi, nemo masa ƙato."

Ta murza igiyar agogo.

"Bakwai na sani. Huɗun nan na Wuya fa?"

Ya juya ya kalli kwari.

"Bakwai na baƙi ne," ya ce. "Huɗun nawa ne. Kada ki kai wa uwarki."

Washegari ta tsaya a ƙofar Darakta har sau biyu tana komawa. A na uku ya gan ta.

"Malama, shigo mana, kin tsaya kamar mai bin bashin gaisuwa."

"Ranka ya daɗe, minti hamsin ɗin nan... ina ganin ya yi kaɗan."

"Wa ya auna?"

"Ni ce."

"To? Dogo ya gwada jiya, arba'in da biyu ya yi." Ya nuna katan-katan da ke jingine da bango. "Dubu biyu ga su nan, da sunanki. Na aika wa hedkwata. Yanzu in ce musu me, marubuciyar ta sake shawara?" Ya dube ta ta saman tabarau, muryarsa ta ɗan sauka. "Na san wanda kike ji. Amma in na sassauta don mahaifinki, gobe duk bencin nan a ofishina zai kwana. Ki yi haƙuri."

Ta fito. Ƙafarta ce ta kai ta ɗakin tsofaffin takardu, don nan ne kawai wurin da ba a tambayarta komai. Ta jawo fayil ɗin matakala ta zauna tana buɗewa ba don tana neman wani abu ba. A ciki akwai taswirar da ta gani tun wata uku da suka wuce, hanyar dutsen da aka zana da jan tawada, da wasu ƙananan da'irori a jikinta. A lokacin ta ɗauka alamar magina ce, ta wuce. Yau ta ƙirga su. Bakwai. Ta juya bayan takardar, ta ga rubutun hannu da ya kusa gogewa, na likitan asibitin: a faɗaɗa matakala a waɗannan wurare, a sa wurin zama, majiyyaci ya zauna har numfashinsa ya dawo kafin ya ci gaba.

Ta bi da'irorin da yatsa. Ta farko a matakala ta casa'in take, daidai Sawun Ƙato. Ga ta gimbiya, ga ta kogon maƙeri. Ashe matakalar tun asali don marasa numfashi aka yi ta. Ita ce, da ƙafafun shekara ashirin da biyar da takalmin guje-guje, ta zo ta share abin da likita ya auna, 'yan jagora suka riƙe shi da ƙarya shekara da shekaru. A kan Wuya kuwa babu da'ira ko ɗaya. Majiyyata a magangara suke juyawa.

Ranar jarrabawa gari ya tashi da sanyi, matakala ta jiƙe da raɓa. Sufeto mace ce mai jiki, ta haura hamsin, da sabon takalmi da ganin yadda take taka shi ka san yana cizo. Kwana biyu tana hawa da matasan 'yan jagora, kullum a guje, fuskarta ta nuna. Darakta ya riƙe agogo. 'Yar kuma an ce ta biyo su da littafi, ta duba ko ɗan jagora ya kauce. Baba ya goge bajonsa har yana ɗaukar ido.

"Lamba bakwai," in ji Sufeto tana duba takarda. "Baba, ka shirya?"

"Tun kafin a haifi agogon nan, ranki ya daɗe."

Ya fara da sauri, saurin da 'yar ba ta taɓa ganin ya yi ba. Sanda tana ƙwanƙwasa dutse, yana zubo tarihin makiyaya da na asibiti ba tuntuɓe. A matakala ta saba'in maganarsa ta fara yankewa. A ta tamanin da biyar ya yi shiru. Ga Sawun Ƙato nan a gefe cike da ruwan raɓa, ya kawar da kai zai wuce.

'Yar ta ji wata murya ta fito, sai daga baya ta gane tata ce.

"Ranki ya daɗe, akwai gyara."

Duka suka waiwayo. Ta zaro taswirar daga jaka.

"Kuskurena ne, ban sa a littafi ba. Nan wurin tarihi ne. Likitan asibitin ne ya sa aka faɗaɗa shi, ga rubutunsa."

"Malama, agogo yana tafiya," in ji Darakta.

Sufeto ta riga ta zauna a kan dutsen, ta zare dunduniya ɗaya daga takalmi.

"A tsayar da shi. Bayanin ofis ne, ba na ɗan jagora ba. Yarinya, zo ki nuna mini."

Ta nuna. Ta karanta rubutun likita a hankali, ta faɗi yadda ake fito da majiyyata da safe cikin barguna, yadda mai jinya ke bin su da buta, yadda wanda ya kai da'ira ta bakwai ake cewa ya kusa komawa gida. Ba takardar take kallo ba. Bajon Baba take kallo ta wutsiyar ido. Sai da ya daina hawa da sauka ta ninke taswira.

Haka suka yi ta yi. Inda littafi ya ce a tsaya, Baba ya yi bayani, bai ɓata ko shekara ɗaya ba. Inda littafi ya yi shiru, taswira ta yi magana. Darakta ya gaji da danna agogo yana tsaki ciki-ciki. Sufeto kuwa duk da'ira sai ta zauna ta yi tambaya, wata tambayar ma ba ta jiran amsa.

Sai Wuya. Taswira ta ƙare.

A taku na arba'in ta ga hannun Baba ya kai ga dutsen ganga ya dafa. Ta duba hagu ta duba dama.

"Ranki ya daɗe, ga gansakuka. Wannan irin... ba ya fitowa sai inda iska take da tsabta. Shi ma shaida ne a kan dalilin gina asibitin."

"Yanzu kuma ciyawa za mu gaisar?" in ji Darakta.

"Abubuwan halitta suna cikin aikinmu," in ji Sufeto. Ta sunkuya ta daɗe tana duban gansakukan kamar za ta saya.

A zango na gaba Allah ya kawo rema biyu, 'yan dabbobin dutse masu kama da zomo, suna shan hantsi a kan falalen dutse, 'yar ta faɗi duk abin da ta sani game da rema, wanda bai fi jimla uku ba, ta sake maimaita shi daga ƙarshe zuwa farko. Amma a na gaba babu komai. Dutse ne tsirara, ba tsiro, ba tsuntsu, ba rubutun kowa. Baba yana gaba, ƙafarsa ta dama ta hau matakala, ta hagu ta ƙi biyowa. Leɓensa ya yi fari. Ta buɗe jaka, ta rufe. Ba abin da ya rage mata.

Sai ta zauna daɓas a tsakiyar matakala.

"Ni na gaji," ta ce.

Darakta ya saki baki. "Ke? Ke da kika auna minti hamsin?"

"Na gaji, ranka ya daɗe. Ba zan iya ba sai na huta."

"Ikon Allah. 'Yan boko ke nan, ƙafa a takarda. Bari 'yan benci su ji." Ya yi dariya har yana dafa gwiwa, shi ma dai ya samu ya jingina.

Kunya ta rufe ta tun daga wuya har kunne. Ta san kafin azahar Dogo ya samu abin faɗa na shekara guda. Ta kafa ido a kan takalminta. Sufeto ba ta yi dariya ba. Ta dubi yarinyar da ko gumi babu a goshinta, ta dubi tsohon da ya juya musu baya yana kallon kwari, kafaɗunsa suna ɗagawa. Ta daɗe tana dubansa.

"A tsayar da agogo," ta ce. "Ɗan jagora ba ya barin baƙo a baya."

Zango na ƙarshe ba wanda ya nemi dalili. Sufeto ce da kanta ta tsaya ta ce tsakuwa ta shiga takalminta, ta cire, ta zazzage, ta leƙa ciki, ta sake zazzagewa.

A sama iska tana kaɗawa, gajimare ya rufe rabin gari. Darakta ya duba agogo ya ce, in an cire tsaye-tsayen da ba na ɗan jagora ba, arba'in da tara. Sufeto ta ɗora takarda a cinya ta yi rubutu.

"Lamba bakwai ya ci. Tarihinsa ya fi na kowa tsabta." Ta ɗan dakata. "Sauran na ba su shekara uku. Kai Baba shekara ɗaya na rubuta. Baɗi in muna raye mu sake hawa."

"Na gode, ranki ya daɗe. Allah ya kai mu."

"Da'irorin nan kuma a sa su a littafi."

"In waɗanda aka buga sun ƙare," in ji Darakta.

Saukowa ta fi hawa cin lokaci. Manyan suka yi gaba, aka bar su su biyu. Baba yana sauke ƙafa ɗaya, ya kawo ɗayar kusa da ita, kamar mai koyon tafiya. Sai wajen tankin ruwa ya yi magana.

"Labarin remarki ba gishiri."

"Na sani, Baba."

"Ko aure ba ki yi musu ba." Suka ƙara taku biyar. "Amma na likitan nan ya yi. Zan ɗan ƙara masa mata da ta rasu."

"Baba!"

"To, to. Na bar shi gwauro."

A gida Umma ta dubi bajon da ke ƙirjinsa, ta dubi yadda ya zube a tabarma bai ko cire hula ba. Ta ɗauko kwalbar man zafi. Sai da ya fara gyangyaɗi ta yi magana, ba ta kalli 'yar ba.

"An ce ke kika tsaya masa."

"Wa ya ce?"

"Garin nan har tari ana kai wa mutum labarinsa." Ta ci gaba da murza gwiwar. "Kin kyauta. Kin sake ɗora masa dutsen nan shekara guda. Ni da na sa rai yau za a karɓe abin nan in huta da sauraron ƙirjinsa."

"Umma, kin sani?"

"Ni nake kwana kusa da shi, 'yar nan."

'Yar ta ɗauki takalmansa ta kai bakin ƙofa, ta jera su.

Da safe ta ji shi yana shiri kamar kullum: ƙarar buta, tari biyu, ƙwanƙwasar sanda. Ya yi wa Umma sallama ya fita. Tana ɗaura ɗankwali tana jin takunsa a matakalar bene, tana ƙirgawa ba da niyya ba. Ɗaya, biyu, uku. A na tara takun ya tsaya.

Ta jira. Bai ci gaba ba.

"Uwata," ya kira daga ƙasa, muryarsa a sarƙe. "Zo ki ga wata tsuntsuwa. Ban taɓa ganin irinta a garin nan ba."

Ta fito ta sauka ta tsaya kusa da shi. Ya dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna wayar lantarki ta tsallaken titi. Babu komai a kan wayar sai raɓa.

"Kin gan ta?"

"Na gan ta, Baba," ta ce. "Bari mu ga ko za ta tashi."

Suka tsaya suna kallo.